Jitar maigidana: in saya ko in bari?

Yaya, ina maka fatan alheri. Ni tela ne a Kaduna, shekaruna 24, kuma ina kaɗa jitar bes, mai kaurin sautin nan, a wata ƙungiya da ke zuwa bukukuwa a ƙarshen mako. Shekara uku ke nan da jitar aro nake aiki. Bana na shiga adashe, wata mai zuwa zan kwasa, kuma na ƙudura in sayi tawa ta kaina. Da maigidana a harkar kiɗa ya ji, wato wanda ya koya min tun ban iya riƙon jita ba, bai kuma taɓa karɓar ko sisina ba, sai ya ce in sayi tsohuwar tasa. An rubuta Fender a kanta, ya ce 'yar Amurka ce, daga Legas aka kawo masa ita tuntuni. Kuɗin da ya yanka daidai yake da abin da zan kwasa, kuma na san kuɗin makarantar yara ne ya matse shi. To amma jitar tana ziza a wasu wurare, in an murɗa bolum tana ƙarƙar, tsirkiyoyin kuma sun yi sama sosai har yatsuna na ciwo. Abokina mai ganga ya ce in rabu da ita, in sayi wata sabuwa dal mai tsirkiya biyar da muka gani a shago, ja mai ƙyalli, wadda ma ta fi araha. Ina jin nauyin in tsaya ina bincikar kayan mutumin da ya rene ni, ina kuma tsoron in zubar da gumina na wata goma. Yaya zan yi?

Wani tela, daga Kaduna

Ƙanena, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da na fara lura da shi shi ne ka riga ka binciki jitar nan. Wanda ya san inda take ziza, ya san bolum ɗinta na ƙarƙar, ya san tsirkiya ta yi sama, ai ya yi rabin aikin, a ɓoye dai ya yi shi. Abin da ke maka nauyi shi ne ƙarasa sauran rabin a gaban mai ita. Wannan nauyin ba aibi ba ne, tarbiyya ce, kuma ba zan ce ka yar da ita ba. Sai dai ka tuna da sana'arka. In mahaifinka ne ya kawo maka shadda ya ce Getzner ce, ai sai ka murza ta, ka ɗaga ta ga haske, kafin ka sa almakashi. Ba wai ka ɗauke shi maƙaryaci ba ne. Ka san dai shi ma saya ya yi, kuma ka san sunan da ke bakin yadi kowa na iya buga shi.

Bari mu fara da jitar, domin sai ka san me ke hannunka kafin ka san abin da za ka ce wa maigidanka.

Matsalolin bes iri biyu ne, kamar na keken ɗinki. Akwai na saiti, irin zare ya yi tauri ko ya saki, wanda minti goma ya isa. Akwai kuma na ƙarfen da ya lanƙwashe, wanda ko ka kai wa wa sai dai ya lallaɓa maka. A jitar bes, wurin da ciwo marar magani yake zama shi ne wuya. Wannan dogon itacen, wanda tsayin tsirkiyarsa kan kai inci 34, dare da rana tsirkiyoyi huɗu suna jansa da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye. Abin da ya hana shi sunkuyawa wani sandan ƙarfe ne da aka binne a cikinsa, makaɗa na ce masa tiros rod, ana ɗaure shi ko a sassauta da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan na murɗa noti. In wuya lafiya lau yake, sandan nan kuma yana aiki, kusan duk sauran abin da ka lissafa ƙananan kuɗi ne. In kuwa ɗayansu ya mutu, to ko da zinare aka rubuta sunan, itace ka saya.

Ga yadda za ka gane. Ka saita jitar yadda kake kaɗa ta. Ka danne tsirkiya mafi kauri a kan firet na farko da hannun hagu, wato ƙarfen farko cikin ƙarafan nan da ke gicciye a wuya, ka kuma danne ta a kan na ƙarshe da hannun dama. Yanzu tsirkiyar ta zama maka rula. Ka sa wani ya duba tsakaninta da firet na bakwai ko na takwas. Ya kamata a ga ɗan tsaga siriri, kamar kaurin katin gayyatar biki. In katin ATM ya shige yana lilo, wuyan ya sunkuya da yawa. In kuma babu tsaga ko kaɗan, tsirkiya na kwance a kan ƙarfe, to ya miƙe fiye da kima ko ma ya gantsare baya. Sai ka sake yin haka da tsirkiya mafi siranta, a ɗaya gefen. Nan ne mutane da yawa ke yin sake. In gefe ɗaya ya buɗe sosai ɗayan kuma a rufe, wuyan ya murɗe ke nan, kuma alanki ba ya gyara murɗewa. Ka ƙara da ɗaga jitar ka hango tsawon wuyan daga kai zuwa gindi, ido ɗaya a rufe, kamar yadda kafinta ke duban katako.

Zan gaya maka abin da ya tsaya min a rai cikin wasiƙarka. A bisa al'ada, ziza na zuwa ne in tsirkiya ta yi ƙasa da yawa tana gogar ƙarfe. Ciwon yatsa kuwa na zuwa in ta yi sama. Kai ka haɗa duka biyun a jita ɗaya. Wannan na iya nufin an ɗaga tsirkiyoyin ne da gangan, shekaru da suka wuce, don a gudu daga zizar, ita kuma ta biyo su. Ban ce jitar ta mutu ba, amma wannan alama ce da ba a wuce ta. Saboda haka ka bi firet ɗaya bayan ɗaya, a kowace tsirkiya, ba tare da amfilifaya ba tukuna, ka lura da inda zizar take. In a firet biyar na farko take, galibi wuya ne ya miƙe da yawa, abin saiti ne. In a wuri ɗaya tak take, ƙarfe ɗaya ne ya ɗago ko maƙwabcinsa ya cinye, mai gyara zai iya daidaita su. In kuwa daga firet na 12 zuwa sama take alhali tsirkiya na can sama, to wataƙila ƙarshen wuyan ne ya yi tozo inda ya haɗu da jiki, wannan kuwa aiki ne babba. Ka duba saman ƙarafan ma. Tsohuwar jita da ta sha biki za ka ga tsirkiya ta haƙa musu kwari, musamman na kusa da kai.

Sandan ƙarfen kuwa kada ka taɓa shi da kanka in ba ka taɓa yi ba, kuma kada kowa ya taɓa shi sai da yardar mai jita. Wanda ya iya zai fara sassauta shi kaɗan ya ji yana motsi, sannan ya ɗaure da rubu'in zagaye kawai, ya bar itace ya huta kafin ya ƙara. Abin da kake son gani shi ne yana juyawa hagu da dama, wuyan kuma yana amsawa. In notin ya cinye alanki na zamewa, ko yana juyawa fayau ba ya kama komai, ko an riga an ƙure shi alhali wuya na nan a sunkuye, maganar ta ƙare. Gaskiya ne wuyan irin wannan jita da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, ana iya cire shi a sa wani, amma nemo wanda zai zauna daidai a Kaduna wani dogon labari ne, kuɗinsa kuma zai iya kusan sayen wata jitar.

Ƙarƙar ɗin bolum kada ya hana ka barci. Ƙura ce ko tsufa. A fesa masa ruwan wanke kayan lantarki, in ya ƙi a canza shi, kowane mai gyaran rediyo da ya iya soda zai yi maka. Haka ramin da ake soka waya in yana yanke sauti. Abin da za ka tabbatar shi ne fikof, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sauti, kowanne na da rai: ka jona jitar, ka ɗan ƙwanƙwasa kansa da sukundireba, za ka ji ƙas a lasifika. Gurnanin wuta kuwa ka yi masa adalci. A wuraren bikinmu, da janareta da wayoyin da ba su da at, wato layin da ke kai wuta ƙasa, jita mai lafiya ma tana gurnani. In ka ɗora hannu a tsirkiya gurnanin ya ragu, ba komai. In bai canza ba ko ya ƙaru, akwai wayar da ta tsinke ko aka jona ba daidai ba a ciki, ita ma ƙaramin gyara ce. Amma duk ranar da ka ji wuta ta ja ka a tsirkiya, ko makirufo ya cije ka a leɓe, ka ajiye jita a duba amfilifaya da layin wuta. Wannan ba maganar sauti ba ce kuma, rai ake magana.

Sai maganar suna. Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin Fender, ya fitar da Precision Bass a 1951, Jazz Bass kuma a 1960, kuma tun daga lokacin babu siffar bes da aka kwaikwaya a duniya kamar waɗannan biyun. Tambarin da ke kan jitar kuwa ɗan siririn abu ne da ake mannawa. Kamfanin kansa yana ƙera jita a Corona ta jihar Kalifoniya, yana kuma ƙerawa a Ensenada ta ƙasar Meziko, sannan yana da ƙanwa mai sauƙin kuɗi, Squier, wadda akasari daga Indonesiya da Sin take fitowa. Kowace ta gaskiya tana da lamba, yawanci a gaban kan ko a bayansa, wasu kuma a ƙarfen da ke riƙe da kusoshin wuya. 'Yan Meziko lambarsu kan fara da MN, MZ ko MX gwargwadon shekarunsu, 'yan Amurka na baya-bayan nan kuma da US. Ka ɗauki hoton lambar da tambarin da kan gaba ɗaya, ka gwada da hotunan irinta a intanet. Lamba kaɗai ba hujja ba ce, domin masu jabu su ma suna kwafe ta, amma rashinta ko rubutun da ya karkace yana faɗar magana.

Ka yi wannan lissafin kuma. Sabuwar Fender 'yar Amurka ta haura dala dubu nesa ba kusa ba, kuma ta hannu ma ba ta faɗuwa warwas. In maigidanka zai ba ka ita a kuɗin adashen tela na wata goma, ɗayan biyu ne. Ko dai kwaikwayo ce aka sayar masa a Legas da sunan ta asali, ya riƙe ta shekara da shekaru da zuciya ɗaya, ko kuwa ta gaskiya ce, matsi ya sa zai yi asara a hannunka bai sani ba. Ka ga binciken nan ba kai kaɗai yake karewa ba. In ta tabbata 'yar Amurka ce, ko da wuyanta na da matsala, hakkinsa ne a kanka ka gaya masa ta fi ƙarfin kuɗinka, ya kai ta inda za a saye ta da darajarta, ya biya kuɗin makaranta har ya yi saura. In kuma kwaikwayo ce, ba ta zama abin yarwa ba. Na sha jin kwaikwayo mai daɗin sauti. Sai dai a saye ta a kuɗin kwaikwayo.

Ban ga alamar mutumin nan yana son cutarka ba. Wanda ya zauna da kai shekaru yana gyara maka yatsu kyauta ba zai tashi yau ya yi maka wayo a kan kuɗin adashe ba. Abin da na fi zato shi ne hannunsa ya saba da ita. Makaɗin da ya daɗe da jita ɗaya yakan san inda take ziza, yatsunsa su riƙa kauce wa wurin shi kansa bai lura ba, tsayin tsirkiyar kuma ya zame masa jiki. A kunnensa lafiyarta ƙalau. Ga kuma abin da ba a faɗa: mutum in zai rabu da kayan da ya ci abinci da shi, ya fi son ya gan shi a hannun yaronsa, ba a hannun baƙo ba. Tayin da ya yi maka akwai buƙata a ciki, akwai kuma ƙauna.

Abokinka mai ganga shi ma yana da gaskiyarsa, ba dole ne ka sayi ciwon kai don kunya ba. Amma jar nan da ta ɗauke masa ido, fenti ne ya gani. Sabuwar jita marar sananniyar asali, mai arahar da ta wuce hankali, sau da yawa da itacen da bai gama bushewa ba aka yi ta. Ta taho ta teku, ta sha laimar Legas, sannan ta iso Kaduna ta tarar da hunturu. Zuwa watan Janairu itace ya tsuke, bakin ƙarafan firet ya leƙo ta gefe yana yankar hannu, wuya ya ɗauki hanyar da ya ga dama. A wannan fannin tsohuwar maigidanka ta fi ta, domin ta ga hunturu da yawa, duk motsin da za ta yi ta riga ta yi shi, abin da ka gani yau shi za ka samu baɗi. Tsirkiya ta biyar kuma, mai kaurin nan, a jita mai araha takan zama lakwaf, sautinta ya cakuɗe, ƙananan lasifikokin da kuke yawo da su wurin biki ma da ƙyar za su fitar da ita. Ga wuya ya ƙara faɗi, ga saitin tsirkiya biyar ya fi tsada ya fi wuyar samu. In kiɗan da kuke yi yana buƙatarta da gaske, wannan daban. In dai don a ga biyar ne, bar ta.

Kuma ba a tsakanin biyun nan duniya ta tsaya ba. Yamaha, Ibanez, Cort ko Squier ta hannu, mai tsirkiya huɗu, wadda wuyanta ke miƙe, za ta yi maka aiki shekaru ba ta ba ka kunya ba. A nan Arewa, inda situdiyo da yawa fiyano ke yi musu aikin bes, waɗanda suka fi sanin wannan kayan su ne makaɗan coci da na badujalar 'yan sanda da sojoji, kuma Kaduna ba ta rasa su ba. A wurinsu ake jin labarin wanda zai sayar, su ne kuma suka san wa ya iya saiti. Ka nemi ɗaya ya raka ka duk inda za ka saya, ka ba shi na mai. Kada ka tura kuɗi Legas a kan hoton WhatsApp, cinikin biri a sama ke nan. In a shago ne, duk gwajin da na faɗa ka yi shi a kan sabuwar ma, ka rataya ta a kafaɗa ka saki hannu ka ga ko kan na rinjaya ƙasa, ka ji nauyinta, domin kilo huɗu da ɗoriya na awa biyar a tsaye ba wasa ba ne. In mai batir ce, ka buɗe gidan batirin ka duba ko ya taɓa zuba ya ci wayoyi. Ka sa a rubuta maka a rasit kwana nawa kake da su na dawo da ita. Kuma ko wacce ka saya, kada ka ƙarar da kuɗin tas a kanta. Sabbin tsirkiyoyi, kuɗin mai saiti, waya mai kyau da jaka mai kauri suna jiran rabonsu.

To yaya za ka tunkari maigidan? Kada ka yi a wurin gwaji, gaban yara. Ka same shi a gida, da yamma, bayan gaisuwa ta yi nisa. Ka ce masa: «Oga, ka koya min kiɗa, amma ba ka koya min sayen jita ba. Wannan ce ta farko da zan saya da gumina, ina so ka nuna min yadda ake dubawa, mu fara da taka.» Ka ga ka mayar da shi kujerarsa ta malami, shi zai riƙe jitar, kai kana tambaya. Da wuya ya ƙi. Sannan ka roƙe shi ya bar maka ita ka yi biki biyu da ita, ka kuma nemi izininsa ka kai wa mai saiti ya duba, kai za ka biya. In ya ɗan ɓata fuska, kada ka ja, kada kuma ka janye. Ka ce kuɗin wata goma ne, ba ka da wasu a bayansu. Mai 'ya'ya a makaranta ya san ma'anar wannan.

In mai saiti ya ce wuya lafiya, sandan ƙarfe na aiki, ka saye ta da farin ciki, ka roƙi a rage maka kuɗin gyara da na tsirkiya, kuma kada ka tsananta ciniki da shi kamar a kasuwa. In ya ce wuyan ya tafi, ka koma ka gaya wa maigidan abin da aka gani, da bakin mai gyara ba da naka ba, ka ce ba za ka iya ɗaukar nauyin gyaranta ba. Daga nan sai ka raba abu biyun da ka cakuɗa a zuciyarka, sayen jita da taimakon wanda ya yi maka alheri. Na biyun ba sai ta hanyar na farko ba. Ka cire wani abu daga adashen, gwargwadon ƙarfinka, ka kai masa a matsayin gudummawar makarantar yara, ba rance ba. Kai tela ne kuma. Ka tambayi yaran nawa ne, ka auna su, ka ɗinka musu yunifom na wannan zangon da yadinka. Ko da jitarka za ta ƙara jiran wata biyu ko uku saboda haka, ai shekara uku ka yi kana aro.

Kafin ranar kwasar adashe kana da makonni. Wannan makon ka je gidansa, da katin biki ɗaya a aljihu. In ka auna, ka rubuto min abin da ka gani a gefen tsirkiya mai kauri da na siririyar, da haruffan farkon lambar in akwai.